Kamun Kifi a Hamadar Umm Sidra

Umm Sidra, farkon Satumba

Yaya Zuwaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da su Hamud. Yaya ƙafar Inna? Ki gaya mata in ba ta daina hawa soro duba dabinon da aka shanya ba, ni da kaina zan kai ƙararta wurin likita. Ni lafiya lau, sai dai leɓena ya tsattsage, na kuma yi baƙi har sai kin ji muryata za ki gane ni.

Kin ji an ɗauko ni daga ofishin Maskat an kawo ni nan kudu. Abin da ba ki ji ba shi ne, injin haƙar da aka ce in riƙa bin aikinsa, mijinki ne yake riƙe da birkinsa. Ranar da na sauka daga mota Yaya Marhun ya leƙo daga saman dandamali ya ce, "La ilaha illallahu! Yaron da nake ɗauka a wuya zuwa kasuwar awaki, shi aka aiko ya ƙirga mu?" Duk suka kwashe da dariya. Ya sauko ya rungume ni, ya ɓata mini sabuwar riga da laka.

Tun da farashin mai ya faɗi, ba a taɓa rijiya sai an rubuta gyaran da za a yi mata, da lokacin da zai ci, da kuɗin da zai ci. Ni kuma kullum da safe in je in ga abin da aka yi da gaske. Ofishina akwatin ƙarfe ne a gindin injin, a bangonsa na manna babbar takarda mai layi uku. Baƙi shi ne alkawarin da muka ɗauka. Ja shi ne kuɗin da ya fita. Kore shi ne aikin da ya tabbata, wanda ido ya gani. In kore na tafiya kafaɗa da kafaɗa da baƙi, kowa sai ya yi barcinsa. In ja ya haura sama, kore ya zauna a ƙasa, to mun zama akuyar Gwaggo Ghaya, ga ci, babu girma.

Rijiyar da muke kanta ana ce mata Tsohuwa. An haƙa ta tun kafin a sa ni makaranta. Ta daɗe tana ba da mai, sai wani guntun bututu ya karye ya maƙale mata a maƙogwaro, aka rufe ta aka tafi. Yanzu da sabuwar haƙa ta yi tsada, an ce a gwada ta da ita.

Yaya, ki tsaya a ƙofar gidanmu, ki yi tafiya a zuci har ki wuce ganuwa, har ki kai maɓuɓɓugar ruwan zafi. To ki miƙar da wannan tafiyar tsaye ki cusa ta cikin ƙasa. A can ƙarshe faɗin ramin bai kai murfin kwanon alewar halwa ba. Nan guntun yake, kuma shi za a zura ƙugiya a kamo. Su suna ce wa aikin kamun kifi, guntun kuma kifi. Ba wanda yake ganin komai. Mijinki yana tsaye, idonsa a kan allurar da ke nuna nauyi, sai ki ji ya ce, "Mun taɓa kansa."

Akwai wani mai nazarin duwatsu a nan. Ya nuna mini dutsen da aka ciro daga ƙasan Tsohuwa lokacin haƙa ta, duk jikinsa ƙarje-ƙarje ne. Ya ce ƙanƙara ce ta ƙarje shi, domin a wani zamani dutsen ƙanƙara ne ya lulluɓe wurin nan. Na fito waje, iska ta buge ni kamar bakin tanda, na tsaya ina ta salati.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Mundir

Rustak, ƙarshen Satumba

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna da sauƙi, kuma ta ce likitan ya zo ya shanya mata dabinon in ya isa. Hamud ya ci jarrabawa, ƙanwarsa ta famfare haƙora biyu.

Takardarka sai da na karanta sau biyu, domin rubutunka kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito. Ni da na koyi karatu da girmana a ajin yaƙi da jahilci na fi ka tsara harafi, kai mai digiri. Da Inna ta ji kamun kifi sai ta ce, "Yo in kifi suke nema me ya kai su hamada? Su gangara Suwaik bakin teku mana." Ta sa na ɗaure muku busasshen kifi da lemun tsami, ta ce tunda kun kasa kamawa. Maganar ƙanƙara kuwa ta ce ka yi istigfari.

Yanzu ka saurare ni. An sallami mijin Nasra maƙwabciyarmu, an ajiye injinsu. Tun safe yana zaure yana juya kofin gahawa, ba ya iya haɗa ido da kowa. Shi ya gaya mini duk injin da ya makara a rijiya ɗaya ajiye shi ake yi. Ya ce manya sa hannu kawai suke yi, takardar da irinku kuke aikawa ita ce alƙali.

Baban Hamud bai gaya mini komai ba. Ka san shi, wasiƙarsa layi uku ce, biyu gaisuwa. Amma ya haura arba'in, bai san wata sana'a ba, itatuwan dabinon mahaifinsa kuma sun tafi a rabon gado. In ya dawo ya zauna a zaure, mutumin nan ba zai daɗe ba, na san abin da nake faɗa.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ko mai awon alkama ya san yadda ake girgiza mudu. Koren layin nan hannunka ne yake jan shi.

Yayarka,
Zuwaina

Umm Sidra, Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, kifin Inna bai kwana biyu ba. Mu duka lafiya, sai gajiya.

Mun makara, ba zan ɓoye miki ba. Ƙugiya tana kamawa tana suɓucewa. Duk suɓucewa sai an zaro bututun gaba ɗaya, guda bayan guda, a sauya ƙugiya, a sake mayarwa, yini da kwana ke nan sun tafi. Mutane suna aiki har hannuwansu na fashewa, amma a takardata wannan duka sifiri ne, domin kifin yana nan inda yake. Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne gumi ba ya shiga koren layi.

Mun yi cacar baki da Yaya Marhun. Ya shigo ofis ya tsaya a gaban takardar, ya ce, "Na motsa shi kamu guda. Rubuta." Na ce na rubuta a bayani, amma layi ba zai ɗaga ba, motsi ba fita ba ne. Ya ce, "Kai ɗin, ka taɓa ɗaga abin da ya fi alƙalami nauyi?" Ya ajiye kofinsa ya fita. Tun ranar ba ya zama kusa da ni wurin cin abinci.

Maganar mudu na ji ta. Amma Yaya, kuɗin gyaran bana tukunya ɗaya ce. In na girgiza a nan, Injiniya Darwish, shugabanmu da ke babban sansani, zai yarda da ni, ya kwaso rabon wata rijiya ya zuba a wannan. Wasu mutane ne za su koma gida, su ma da matansu masu rubuta wasiƙa.

Direba yana ta yi mini oda, jirgin wasiƙa zai tashi. Jiya da la'asar abin da ake gudu ya faru, dole muka kashe Tsohuwa. Ni na sa hannu a takardar. Zan yi miki bayani in na samu zama.

Mundir

Rustak, Oktoba

Mundir,

Salamu alaikum, don wajibi ce. Muna lafiya.

Kun kashe ta, kai ka sa hannu, kuma ka maƙala mini a gindin takarda kamar mai ba da labarin an yanka kaza. Da na zo wurin ina karanta wa Inna, sai na tsallake, na ce ka ce a gaida ta.

Ni na goye ka lokacin da Inna ke kwance wata da watanni, bayana har yau bai manta nauyinka ba. Mutumin da ka sa wa hannu kuwa, shi ya tsaya a madadin Baba ranar da ka tafi karatu, ya riƙe jakarka har bakin mota. Ban taɓa zaton zan tuna maka waɗannan ba, kai ka ja.

Matan wasu da kake tausayi, ka san sunan ko ɗaya daga cikinsu? Ni dai ka san nawa.

Na share masa wuri a zaure kusa da mijin Nasra. Kada ka aiko mini da bayani, lissafinka ba ya shiga tukunya.

Zuwaina

Rustak, Nuwamba

Auta,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ka amsa.

Ranar hutun Baban Hamud ta zo ta wuce, bai zo ba, babu saƙo. Rediyo ya ce guguwa ta taso daga teku ta shiga hamadar tsakiya, ruwa ya yanke hanyar kudu. Na je gidan waya na buga ofishinku na Maskat, wani ya ce mini, "Duk suna lafiya in Allah ya yarda," da muryar wanda bai san komai ba. Mijin Nasra ya ce shi bai taɓa ganin ruwan da ya jiƙa takalmi a can ba, ya ce kada in damu, amma na ga fuskarsa.

Nan ma an yi ruwa. Kwari ya kawo, falaj, magudanar ruwan garinmu, ya cika ya tumbatsa har cikin gonaki. Kowa na murna, ni ina kallon ruwan ina tunanin akwatin ƙarfen da ka ce kana zama a ciki.

Inna ta gane. Jiya ta ce, "Zuwaina, tun da kika tsallake layi a takardar yaron nan ban ƙara yarda da ke ba. Me ya ce?" Ashe ta lura. Na gaya mata. Sai ta ce, "Su dai dawo da ƙafafunsu."

Abin da na rubuta a waccan ban janye ba, amma ka ajiye shi gefe tukuna. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, ka ce kuna numfashi, ku biyun.

Yayarka,
Zuwaina

Umm Sidra, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna numfashi, mu biyun, da duk wanda ke nan. Ba wanda ya ko ƙurje. Ki fara gaya wa Inna wannan, sannan ki dawo ki zauna, domin labarin da tsawo.

Wasiƙunki biyu tare suka iso a jirgin farko da ya iya sauka. Allah ya taimake ni ta biyun na fara buɗewa.

Laifin gaggawata ne. A bakin ma'aikata, kashe rijiya shi ne a danna mata laka mai nauyi ta kwanta, don kada ta yi aman wuta a kan mutane. Ranar nan da kifin ya ƙara motsawa, iskar gas da ta daɗe a danne ƙarƙashinsa ta taso. Laka ta fara kwararowa da kanta, alhali famfo a kashe yake. Dandamali ya ɗauki rawa, wani gurnani yana fitowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu, ba a kunne ake jin sa ba, a ƙashin gwiwa. Ni na daskare a bakin tsani. Mijinki ya rufe mata baki, ya raba wa kowa aikinsa, ko murya bai ɗaga ba. Takardar da na sa wa hannu ranar ta ƙarin laka ce.

Amma kada ki yi saurin jin kunya, domin abin da kika zarge ni da shi na aikata shi daga baya.

Injiniya Darwish ya ce in kawo masa ƙiyasin inda aikin zai ƙare in muka ci gaba a yadda muke. Na zauna da takardata. Rabon kuɗin ya kusa ƙarewa, aikin bai kai rabi ba, kuma a irin tafiyarmu Tsohuwa za ta ci kusan abin da sabuwar rijiya ke ci, ba tare da tabbas ba. Na juya lissafin ta kowace fuska ina neman ƙofa, fuskarki na gabana. Babu ƙofa. Na rubuta a daina, a cika ta da siminti.

Kafin takardar ta tafi na kai wa Yaya Marhun da hannuna. Ya karanta a tsaye yana motsa leɓe. Ya ce, "Tana da rai. Ka ji ta da ƙafarka." Na ce na ji. Ya ce, "To," ya miƙo mini, ya koma saman dandamali. Maskat suka amince, aka taso da motocin siminti daga arewa, aka ce da an binne ta za a kwance injin. Shi ya sa ban rubuto miki ba, na rasa ta inda zan fara.

Sai ga ruwa.

Makiyayan raƙuma ne suka fara sani, mun ga suna kora dabbobinsu kan tuddai muna yi musu dariya. Washegari da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke rumfar masallacinmu kamar hula. Aka ɗaɗɗaure abin da za a iya, muka shige ɗakuna. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ruwan Rustak sauka yake yi, wannan kamar an kifar da tulu ne aka manta da shi.

Da ya ɗauke muka buɗe ƙofa, sai ga teku. Yaya, inda mota ke gudu rabin yini ba a ga ko tsinke ba, ruwa ne iya ganin ido, shiru, ba ko motsi. Hasumiyar injin tana tsaye a tsakiya a kan tudun da aka cike mata, wata kuma a kife ƙarƙashinta a cikin ruwan. Mai dafa mana abinci, mutumin Kerala, wani yanki mai yawan ruwa can ƙetaren teku, ya zauna a kan bokiti yana share hawaye, ya ce garinsu ya gani. Ba a jima ba tsuntsaye suka fara zuwa, farare masu dogayen ƙafafu, garke-garke. Wa ya gaya musu? A cikin ruwan kuma ga wasu 'yan halittu kamar jatan lande suna ta iyo. Mai nazarin duwatsu ya ɗebo su a kofi, ya ce ƙwansu a cikin ƙasar yake shekara da shekaru yana jira. Ƙasar da muke takawa kullum muna tofa mata yawu.

Filin jirgi ya nutse, hanya ta yanke, motocin siminti suka maƙale a garin Haima da ke kan hanya. Oba-oba kaɗai ta rage mana, ita ma ta aiki ce.

Ni dai kullum da safe sai in cika takardata, don ban san abin da zan yi ba. Ja yana ta hawa, tunda hayar inji da albashi ba su san ruwa ba. Na rasa ma gidan da zan sa kwanakin. Jadawalinmu yana da gidan lalacewar inji, yana da gidan jiran kaya, ba shi da gidan ikon Allah. Ina cikin wannan sai abin ya faɗo mini: ai kwanakin nan an riga an biya su. Ko mu zauna kallon tsuntsaye, ko mu koma kamun kifi, bambancin man inji ne kawai, kuma tankinmu cike yake.

Na kira Injiniya Darwish. Ya ce, "Kai ne fa ka rubuta a binne ta." Na ce har yanzu ina kan bakana, siminti na isowa a binne. Amma kafin ya iso fa? Na zayyana masa lissafin kwanakin da aka riga aka biya. Sannan ya ce a ba shi Marhun. Ya tambaye shi ko lakar da ta rage za ta riƙe ta in ta sake tasowa, tunda babu hanyar kawo ɗauki. Mijinki ya ce za ta riƙe, ya auna. Injiniya ya ce, "To ku yi, har ranar da motoci suka iso. Ranar ko kifin na bakin rami a binne ta, na gama magana."

Ga abin da na koya, kuma da ɗaci. Akwai wani mai da ake zuba wa kifi don ya jiƙa tsatsa da gishirin da suka riƙe shi. Duk tsawon aikin ba a taɓa barinsa ya daɗe ba, saboda jira a takardata asara ce, kowa yana tsoron jan layi. Yanzu da ba mai sauri, aka zuba aka bar shi ya jiƙu, mutane suna wanki a bakin tafki. Sannan aka zura ƙugiya aka fara bugu sama, a hankali, a hankali.

Ranar wata Alhamis bayan azahar ina tsaye a bayansa. Allura ta hau, ta ƙara hawa, igiyar ƙarfe tana kuka, hasumiya tana ƙara kamar za ta durƙusa. Sai allurar ta faɗo, ta tsaya cak a nauyin da ya ɗara na da. Yaya Marhun ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ya taho."

Sai washegari da hantsi ya iso sama. Ya fito baƙi wuluk, a murɗe kamar igiyar kaba, gishiri da kwalta sun daskare a jikinsa, yana hayaƙi don zafin inda ya fito. Aka kwantar da shi. Ƙartin nan masu gemu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ɗora masa hannu. Wani ya yi kabbara, sauran suka amsa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga kan ruwan. Ni ma na taɓa. Abin da ya kwana a cikin duhu tun ina koyon alif, ga shi rana tana haska shi.

Motocin siminti sun iso bayan an gama share ramin. Babban direbansu ya sauko, laka har gwiwa, ya ce, "Ina mamaciyar?" Aka nuna masa kifin. Ya cire rawani ya sosa kai ya ce, "Ikon Allah. Mun zo jana'iza mun tarar da suna."

Shekaranjiya aka buɗe ta. Da farko laka ta yi ta fitarwa, sannan bututun ya fara ɗumi. Na ɗora tafina a kai, na ji abu yana gudu a ciki, yana bugawa. Na daɗe a haka har aka fara tsokanata.

Koren layi ya tsallaka sama a rana ɗaya, har sai da na hau kujera na ja shi. Amma ja ya wuce alkawari nesa, lokaci ma haka, kuma haka na rubuta. Maskat sun tambaye ni ko lissafina na farko kuskure ne. Na ce daidai yake da abin da muka sani a ranar, sai dai akwai abin da ban sani ba, kuma na buɗe wa jiƙo gidansa a jadawalin gaba. Sun ba injin wasu matattun rijiyoyi biyu. Bayan su Allah ne masani.

Yaya, da ruwan nan bai zo ba, da an binne ta da sa hannuna, da Baban Hamud ya dawo miki da akwatinsa. Ba na so ki ji wannan a bakin wani.

Yana tafe ranar Asabar. Jiya ya zauna kusa da ni wurin cin abinci, ya ɗauke mini nama daga faranti.

Ƙanenki,
Mundir

Rustak, Disamba

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau. Baban Hamud ya iso, ya rame, ya yi barcin yini biyu, yara suna ta leƙa shi. Inna ta sa an yanka akuya. Mijin Nasra ya zo cin nama, ya yi ta tambayar ko sababbin rijiyoyin suna neman hannu. Ka duba masa, in da hali, ta hanyar da ta dace. Ka ga na koyi magana.

Takardarka a wannan karon ban tsallake ko harafi ba. Da na kai wurin tsuntsaye Inna ta ce in maimaita. Da na kai inda ka ce ka rubuta a binne, na ajiye na shiga kicin na daɗe. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya wuce ba. Ruwa ne ya cece ka a wurina, ba hujjarka ba.

Na tayar wa Baban Hamud da maganar, ina zaton zai taya ni. Sai ya ce, "Rabu da yaron nan. Ya kawo mini takardar da hannunsa, ya tsaya har na gama karantawa. Na so in mare shi, amma ya tsaya." Ka ji iyakar abin da ya ce a kanka, kuma a bakinsa wannan huɗuba ce.

Jiya da yamma muna zaune a bakin falaj, ƙafafunsa cikin ruwa. Na ce ya ba ni labarin ranar Alhamis ɗin da bakinsa. Ya ce ai Mundir ya rubuta. Na ce Mundir a bayanka yake tsaye. Can sai ya ce, "Uwar Hamud, tun ina saurayi nake ja, ƙasa na ja. Na san yadda abu yake zuwa in ƙarfin inji ne ya kawo shi. Ranar nan ba mu muka fi ƙarfi ba. Sako mana shi aka yi."

Muka zauna har aka kira magariba.

Ka nemi hutu ka zo. Inna na son ganinka, ni kuma ina da sauran faɗa, kuma ba na takarda ba ne.

Yayarka,
Zuwaina